Wincin da Na Sayo Wa Ba-Kwana

Har yanzu direbobi na tare ni a bakin kasuwa su yi mini zancen wincin nan. Sai mutum ya gama gaisuwa, ya tambayi mai jiki, ya yi ta kewaye-kewaye kamar kankana ya zo saye, sannan ya rage murya ya ce, "Wai don Allah, injin jan motar nan mai araha da kika sayo wa maigidanki, yana da aiki kuwa?" Na gaji da tambayar nan. Amsar na san ta sarai, sai dai ba irin wadda ake ba mutum a tsaye ba ce, da wuƙar yanka kankana a hannu, masu saye na jira.

Mijina direban a-kori-kura ne, ko in ce direba ne a da. Tun kafin mu yi aure yake ɗauko kayan lambu daga gonakin bayan fadama yana kawowa kasuwa. Hanyar can suna kawai ta tara, sawun taya ne da aka saba bi, da rani rairayi, da damina taɓo. A tasha ba mai kiran sa da sunansa. Ba-Kwana suke ce masa, domin motarsa ba ta taɓa kwana a daji ba. Sauran direbobi in mota ta kafe musu, sai su kulle ta su tako gida, gobe a nemo tarakta. Shi kuwa sai ya tuɓe riga, ya zaro shebur, ya haƙa, ya sa jak, ya cusa itace da duwatsu, ya roƙi wani mai wucewa ya riƙe masa sitiyari, shi ya koma baya ya sa kafaɗa. Haka zai shigo mini gida kamar an tono shi daga rami, yana washe baki, ni kuma in tashi in ɗora ruwan zafi. Sunan nan ya fi masa abinci daɗi.

Da bayansa ya fara ciwo, ɓoye mini ya yi. Na gane ne da na ga ya daina sunkuyawa ya sa takalmi, sai dai ya ja shi da yatsun ƙafa. Da ƙyar na kai shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a jikin taga, ya nuna mana wani wuri da bakin biro.

"Baba, ka ga nan? Abin da ke tsakanin ƙasusuwan nan biyu ya fara zamewa, yana danne jijiyar ƙafa. Tuƙi ban hana ka ba, in za ka sa matashi a baya. Amma haƙa, da turi, da ɗaukar nauyi, ka yi sallama da su. In ka sake, ba zan iya yi maka alkawarin ƙafafun nan ba."

"To, likita. Na gode, Allah ya saka."

Muna fitowa ya ce in ɗan jira shi, zai leƙa wani shago. Sai ga shi ya dawo da sabuwar ƙotar shebur. Na zauna da mutumin nan har yaranmu sun tashi sun kama gabansu, na san "to" ɗinsa ba ta wuce ƙofar ɗakin da aka faɗe ta.

Winci kuwa a hanyar lambu na fara ganin sa, a gaban motar wasu masu haƙa rijiya. Wani inji ne ɗan madaidaici da ake ɗaurawa a hancin mota, da igiyar ƙarfe nannaɗe a jikinsa. Motarsu ta kafe, wani ya ja igiyar ya maƙala ta a bishiya, ya danna maɓalli, injin ya yi ta naɗe igiyar, motar ta ja kanta ta fito. Ba wanda ya tuɓe riga. Na tsaya ina kallo har mai kankanar da nake ciniki da shi ya ɗauka fasa sayen na yi. A makon na sayar da firizata, wadda nake ƙanƙara da ita, na nufi shagon Akwai.

Akwai mai kayan gyaran mota ne. Duk abin da ka tambaye shi sai ya ce "akwai", ko da kuwa sai ya aika maƙwabta an nemo, shi ya sa sunan ya bi shi. Shagon nasa ɗan tsukuku ne, bel da roba na reto daga rufi, sai ka duƙa ka shiga, ka fito da warin giris a mayafi. Winci biyu na tarar. Ɗaya yana can saman kanta a cikin leda, ƙura ta rufe shi saboda daɗewa ba a taɓa ba. Ɗayan yana ƙasa a cikin kwali mai hoton mota tana hawa dutsen da ko akuya sai ta yi shawara.

"Wancan na sama," in ji Akwai, "in kika ɗaura shi a shagon nan, zai ja shagon har da ni a ciki."

Ya faɗi kuɗinsa. Na yi dariya, shi ma ya taya ni.

"Na ƙasan fa?"

"Na ƙasan zai ja motar maigidanki, uwar gida. Ba zan yi miki ƙarya ba, mai saurin gajiya ne, sai da lallaɓawa. A ja kaɗan, a tsaya, ki ɗora tafin hannunki a cikinsa. In hannunki ya kasa zama, to shi ma ya kasa, a bar shi ya huce. Wanda ya matsa masa, hayaƙi zai gani. Motar kuma kar a kashe ta, don batirinta yake sha."

"In an tsaya a tsakiyar hawa fa? Ba za ta koma baya ba?"

"Akwai birki a cikinsa. Kina sakin maɓallin nan yake kamawa."

Abin da firizar ta kawo mini na ƙasan ya isa saye, shi na ɗauka.

Yayan mijina mai walda ne, shi ya ɗaura mana shi. Yaya mutum ne mai hannu, in ya haɗa ƙarfe biyu sai dai wani wurin ya karye. Bakinsa ne ba shi da linzami. Ya ɗaga wincin daga kwali, ya jijjiga shi, ya taɓe baki.

"Wannan ne kika sayar da firiza a kansa? Ko nauyin mutunci ba shi da shi."

"Yaya, mai shagon ya ce zai ja."

"Ja kam zai ja, ai ko injin markaɗe yana juyawa. Ranar da kuka tsaya a tsakiyar hawa da lodi, ka ce ɗan birkin cikin nan ne zai riƙe maka mota," ya juya wajen ƙanensa, "ran nan za ka san kwali aka sayo maka."

Bai buɗe shi ba, bai gwada ba, faɗa kawai ya yi yana gyara gilashin walda a goshi. Mijina ya yi dariya. Amma ina kallon fuskarsa, na ga maganar ta shiga ta samu wurin zama. Kafin a kwana biyu tasha ta ɗauka. Duk inda ya faka sai wani ya leƙo hancin motar ya ce, "Ba-Kwana, yau za a yi mana markaɗe?"

Sai na faɗi wani hali nasa, in ba haka ba abin da ya faru ba zai shiga kai ba. Mijina yaron mota ya fara yi, a hannun wani tsohon direba mai saurin hannu. Abin da aka fara koya masa shi ne weji, wato guntun katako ko dutsen da ake cusawa a bayan taya don kar mota ta gangara. Mota in ta tsaya a hawa, kafin direba ya ɗaga ƙafa daga birki, yaron mota ya riga ya diro ya cusa weji. In ya makara, mari. Abin ya bi jininsa. A ƙofar gidanmu, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, sai ya sa wa motar weji kafin ya shigo. Ko baro ya ajiye, sai ya tura masa tsakuwa da ƙafa. Yaran mota ba sa daɗewa da shi, domin kafin yaro ya buɗe ƙofa shi ya riga ya sauka ya yi aikin, sannan ya bi shi da faɗa. Daga ƙarshe ya ce shi kaɗai ya ishi kansa.

Da damina ta kankama na ce duk ranar da aka yi ruwa ƙafata ƙafarsa. Dama kankanar da yake ɗaukowa rabi tawa ce.

"Gadi za ki yi mini ke nan?"

"Gadin kankanata zan yi."

"To."

Ranar da abin ya faru, ruwan safe aka yi, mai yawa, sannan rana ta buɗe da zafi. Mun yi lodi a lambu, mun kamo hanya bayan azahar. Akwai wani kwari da ruwa ke ratsawa, kana fita daga cikinsa sai hawa, jan yumɓu mai santsi, da wata babbar bishiya a can sama. Mijina ya shiga kwarin da gudu yadda ya saba, motar ta yi ta watsa taɓo, ta kai gindin hawan, ta yi gurnani, ta zauna. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a banza har suka nutse.

Hannunsa ya tafi bayan kujera, inda shebur ke zama. Bai same shi ba. Tun da safe na zare shi na tura ƙarƙashin gado.

Ya dube ni, na dube shi.

"Maman yara, kin yi mini sata."

"Na yi. Zauna."

Ni na ja igiyar zuwa bishiya. Ba wanda ya gaya mini nauyinta. Taɓo ya cire mini takalmi ɗaya tun a takun farko, na bar masa. Na yi ta hawa ina zamewa, ƙugiyar na dukan ƙaurina, wayoyin da suka tsinke a jikin igiyar na sukar hannuna, shi kuma yana leƙowa ta taga yana ba ni umarni kamar ni ce sabon yaron motarsa. In zagaya bishiyar da ɗamara mai faɗi da ta zo a kwalin injin, ba da igiyar ba. In sa ƙugiyar ta kalli sama. In jiƙa buhu in yafa a tsakiyar igiyar, don in ta tsinke kar ta yi bulala. Duk wannan ya san shi. Ashe ya je wajen masu rijiyar nan ya yi tambaya a ɓoye, bai gaya mini ba. Sanin haka ya faranta mini rai, har na manta da takalmin.

Na dawo na tsaya a gefen hancin motar, na ɗauki maɓallin, wanda ke haɗe da injin da wata doguwar waya. Ya sa giya, ya ɗan taka mai. Na danna.

Injin ya yi wani kuka siriri, igiyar ta tashi daga ƙasa ta miƙe, buhun ya ɗaga sama yana ɗiga. Na ce shi ke nan, yanzu za a ga hayaƙi, Yaya ya samu labarin shekara. Sai na ji taɓon ya yi wani tsotso, motar ta girgiza, ta taso. Wallahi ta taso. Tana tafiya a hankali, a hankali, kamar tsohuwa ta kama bango, amma gaba take yi.

Na saki maɓallin na taɓa injin. Da sauri na janye hannuna.

"Me ya faru? Danna mana!" ya daka mini tsawa ta taga. "Ta taso, ba a tsayawa!"

"Ya yi zafi. Sai ya huce."

"A nan? A tsakiyar hawa?"

Na ji ƙarar hannun ƙofa. Na zagayo na sa ƙuguna na danne ƙofar.

"Baban yara, in ka sauko daga motar nan, a nan zan bar ka da kankanar in tafi gida da ƙafa. Mai shagon ya ce akwai birki a ciki."

"Mai shagon da ko ƙwan jirgin sama kika tambaya zai ce akwai?"

Na yagi bakin ɗankwalina, na je na ɗaure ƙyallen a jikin igiyar, daidai bakin da take shiga cikin injin. Na ce masa in motar ta koma baya ko da faɗin yatsa ne, igiyar za ta warware, ƙyallen zai matsa gaba, kowa ya gani. Dabara ce mai kyau, sai dai ban lura da abu ɗaya ba. Daga kujerar direba ba a ganin hancin motar. Ni kaɗai ke ganin ƙyallen, shi sai abin da na faɗa masa.

"Ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"Ni ina jin ta a jikina tana zamewa."

"Taɓo ne ke kwantawa. Bai motsa ba."

Haka muka yi ta yi. A ja kaɗan, in kwance ƙyallen, in sake ɗaurewa, a zauna. Jan ba ya daɗewa, zaman ne ba ya ƙarewa. Rana ta dafa taɓon har yana tururi, ƙudaje suka same mu, hayaƙin motar na dawowa fuskata. Ina jiƙa mayafina a ruwan kwari ina shimfiɗa wa injin don ya yi saurin hucewa. Ƙafata ɗaya ba takalmi, hannuwana duk tsaga. Na gaji irin gajiyar da ko magana sai ka yi lissafin ko ta cancanci a buɗe baki.

Shi kuwa ƙafarsa na kan birki tun tsayawar farko. Birkin hannun motar ya daɗe da zama ado. Na ce ya ɗaga ƙafar ya huta, injin ya riƙe, ya ce ya ji. Da na leƙa, na ga cinyar na rawa, ya dafe ta da hannu biyu yana dannawa.

Na fasa kankana ɗaya a gefen bodi, na miƙa masa rabi ta taga. Muka ci. Ruwan na bin gemunsa, gemun da ban san ya yi fari haka ba sai ranar.

"Zaman nan ya fi haƙa gajiya," ya ce.

"Ka saba da shi. Shi ya rage mana."

"Da shebur ɗina na nan, da yanzu muna gida."

"Da yanzu kana kwance."

Ya tofar da 'ya'yan kankanar ta taga.

Muna cikin wannan zaman wani mai babur ya gangaro daga sama, yana jan ƙafa a taɓo. Ɗan tasha ne, ya san mu. Ya tsaya ya ƙare wa igiyar kallo, ya dube ni da taɓo har gwiwa, ya dubi mijina a zaune da ɓawon kankana a hannu.

"A'a! Ba-Kwana, yau kai ne a inuwa, gwaggo na aiki? Lallai markaɗe ya yi daɗi. In sa muku dutse a baya ne kafin in wuce?"

"Wuce abinka," in ji mijina. "Mun gode."

Mutumin ya wuce yana dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, irin wasan tasha ne. Amma na ga fuskar mijina ta canza, na san kafin magariba labarin ya zaga, shi ma ya sani.

Saura ja ɗaya mu kai inda ƙasa ke da ƙarfi. Nan ne hawan ya fi tsayi, motar ta ɗaga hanci, kankanar duk ta taru a baya. Injin ya yi zafin da bai yi ba a baya, har ina jin ƙaurin fenti. Na tsaya, na ɗaura ƙyallen, na shimfiɗa jiƙaƙƙen mayafi. Sai na ji ɗamarar da ke jikin bishiya tana wani ƙara, ƙiƙ-ƙiƙ. Na ce masa bari in duba, kar ya motsa.

"To," ya ce.

Ni da na san "to" ɗinsa. Gajiya ce ta sa na karɓe ta a ranar.

Na hau na duba. Ɗamarar lafiyarta ƙalau, ɓawon bishiyar ne ke murmushewa. Na jingina da bishiyar na lumshe ido, don iskar wurin ta fi ta ƙasa. Ban san ko na daɗe ba. Motar na kunne, ƙararta ta rufe komai, ban ji buɗe ƙofa ba. Da na juyo, ƙofar direba na buɗe, kujerar ba kowa.

Ban san yadda na sauko ba. A bayan motar na same shi, kwance a gefensa cikin taɓo, ya rungume wani dutse da ni ko mirgina shi ba zan iya ba. Daga bakin kwari ya ɗauko shi. Wejin katakonsa na gefe, ya fara gwada shi, taɓo ya haɗiye. Tsakanin dutsen da tayar bai fi tsawon hannu ba. Bai yi ihu ba, bakinsa a buɗe kawai, yana jan numfashi guntu-guntu.

"Baban yara! Baban yara, tashi!"

"Kar ki ja ni." Muryar da ƙyar take fita. "Ƙafafun ba sa ji. Maman yara, ta zame?"

"Wace ce?"

"Motar. Duba mini."

Allah ya yafe mini, na je na duba. Na bar mijina kwance a bayan tayar mota mai lodi, na zagaya gaba na ɗaga mayafin. Ƙyallen na nan daidai inda na ɗaure shi. Duk tsawon lokacin da ya sauka, ya je bakin kwari, ya kinkimo dutsen, ya faɗi, ba ƙafar kowa a kan birki. Ba abin da ke riƙe da motar da kankanarta sai injin markaɗen nan.

Na dawo na durƙusa, na ɗora kansa a cinyata.

"Ba ta zame ba."

Ya rufe ido.

Na kira masu lambu a waya, suka zo su da yawa. Suka zare katakon bodi ɗaya suka kwantar da shi a kai, aka sauke kankana aka yi masa wuri. Ɗaya daga cikinsu ya iya tuƙi, ya shiga. Kafin nan injin ya huce sarai. Na danna maɓallin, ya yi ɗan kukansa, ya fitar da mu sama ba gardama. Rana ba ta faɗi ba muka isa asibiti. Da ya farfaɗo washegari, abin da ya fara tambaya shi ne ko motar ta kwana a daji. Na ce ba ta kwana ba. Ya gyaɗa kai, ya koma barci.

Likitan nan ne dai. Bai ce ai na faɗa muku ba. Ya ɗaga sabon hoton a jikin taga, ya daɗe yana kallo, ya sauke. An yi aiki, an yi gashi, an yi duk abin da ake yi. Yanzu yana motsa yatsun ƙafar hagu, ta dama kuwa sai an ɗaga masa. Gadonmu mun jawo shi kusa da taga don ya riƙa ganin titi. Shebur ɗin na nan a ƙarƙashi, ban san inda zan kai shi ba.

Motar Yaya ya karɓa, ya ba wani direba yana yi mana aiki da ita. Kafin ya bayar sai da ya kwance wincin ya buɗe, wai zai ga abin da ya lalace. Ya zo gaishe da ƙanensa da yamma, ya zauna a bakin gado, ya yi ta juya hularsa a hannu. Mutumin da ba a rasa magana a bakinsa. Da zai tafi na raka shi ƙofa, ya tsaya yana neman takalmin da ke gabansa.

"Na buɗe abin nan," ya ce. "Birkin cikin lafiyarsa lau. Ko cin ƙarfe babu."

"Na sani, Yaya."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya ce a ci gaba da haƙuri, ya tafi.

Direban da ke jan motar yanzu ya fita da wincin daga taɓo sau da yawa. Shi ya sa sauran ke tambaya, suna son su saya. Abin da nake ce musu a bakin kasuwa gajere ne. Yana ja, yana riƙewa, a bar shi ya huce. Su yi godiya su tafi, wasu ma su sayi kankana don kunya.

Tambayar da ta dame ni ni kuma, na daɗe ina riƙe da ita. Kullum da yamma nakan gasa masa bayan da tawul da ruwan zafi, in juya shi, in murza ƙafafun. Rannan ina cikin matse tawul, yana kallon rufi, sai na ji ta fito da kanta.

"Baban yara."

"Na'am."

"Da wancan na saman kanta na sayo, mai tsadar, wanda Yaya ba zai raina ba, da ka sauko?"

Na so ya ce mini halinsa ne, ko wane iri aka ɗaura sai ya sauka ya sa weji. Da ya faɗi haka da na yarda, da na yi barci. Wata mota ta wuce a titi, ya bi ƙararta da kunne har ta ɓace.

"Da ban sauko ba," ya ce.

Ba da zargi ya faɗa ba. Tambayarsa aka yi, ya ba da amsa, shi da bai iya ƙarya ba in ba a wajen likita ba. Na tsoma hannu a kwanon, ruwan ya huce. Na ɗauka na fita in sake ɗorawa.